Zuwa Intabiyu Cikin Baƙin Takaba

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Fatihu Maitama. Wakilin mai unguwa. Limaminmu da fastonmu, waɗanda na ga an zaunar da su kafaɗa da kafaɗa kamar yadda muka saba a Jikwoyi. Shugabar mata, Madam Patricia, wadda in ba don ita ba da yanzu a tsaye muke. Manyan baƙinmu masu makarantu da asibitoci da kamfanoni, da kuka baro kwaltar cikin gari kuka keto taɓon hanyarmu. Iyayena mata, iyayena maza. Da ku matasa masu neman aiki, waɗanda dominku aka kafa wannan rumfa: assalamu alaikum, salamar Ubangiji ta kasance tare da mu baki ɗaya.

Godiya ta farko ga Allah, wanda ya tashe mu lafiya, ya kuma riƙe mana ruwan sama har muka taru. Godiya ta biyu ga ƙungiyar matasan unguwarmu da ta shirya wannan zama. Godiya ta uku, haɗe da neman gafara, ga sakatariyar ƙungiya, Sumayyah, wadda ta taka har gidana sau uku da takardar gayyata. Sau biyu na ce mata ba ni da lafiya. 'Yata, ki yafe ni, lafiyata ƙalau. Bakina ne a lokacin ba shi da ƙarfin yin magana a kan batun da kuka ba ni. Yau kuwa na zo da sakakkiyar zuciya, kuma za ku ji dalili.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Thaddeus Ishaya. Shekara talatin da ɗaya na yi a sashen kula da ma'aikata na wata ma'aikatar gwamnati kafin na yi ritaya, kuma a cikin waɗannan shekaru ban san iyakar mutanen da suka zauna a gabana suna gumi ba. Oga Ishaya mai jan biro, haka ake kirana, ba kuma don ƙauna ba. Batun da aka ce in yi magana a kai shi ne shiga da gyaran jiki na mai zuwa intabiyu. Da a bara aka gayyace ni, da na zazzago muku dokoki na koma gida ina jin na burge. Bana kuwa an ba ni darasi a cikin gidana, saboda haka ta gidana zan biyo da ku. Wadda labarin ya shafa ta ba ni izini.

A watan Janairu ƙanena Godfrey ya rasu, bayan jinyar da ba ta kai mako biyu ba. Ya bar mata, Rosemary, da 'ya'ya mata biyu, Cynthia da Divine. Bayan an share makoki dangi suka zauna, ni ne babba, ni na jagoranci zaman. Muka duba, muka ga babu ɗaya daga cikinmu da zai iya ɗaukar mutum uku a garin nan. Sai muka yanke cewa in har ƙarshen watan Agusta ya zo Rosemary ba ta sami aiki ba, za ta saki ɗakinsu na Jikwoyi ta koma ƙauye wurin mahaifiyarmu a bayan Bwari. Cynthia ta dawo gidana, Divine kuma ta tafi wurin gwaggonta a Paikon Kore. Wato uwa gabas, 'ya yamma, ƙanwa kudu. Da bakina na faɗi wannan hukunci, kuma tun daga ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Rosemary tana da difloma ta ajiye bayanan marasa lafiya, tun kafin aure. Ta kakkaɓe takardunta ta shiga yawon neman aiki, wata biyar shiru. Sai a tsakiyar watan Yuli wani asibiti mai zaman kansa a Garki ya kira ta intabiyu, ya ba ta kwana tara. Da yammacin ranar ta zo gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Yaya, kai ka san wannan hanya. Ka gaya mini yadda zan je." Jama'a, abin nema ya samu. Na gyara zama, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na kafa ido a silin, na buɗe mata karatu. Abin da na gaya mata shi zan gaya muku, domin har gobe gaskiya ne.

Na farko, na ce mata, jiki yana gaba da riga. A yi wanka na sosai, a kula da hammata, domin ɗakin intabiyu a rufe yake kuma hanci ba ya karɓar uzuri. A yanke farce, a fitar da dattin da ke ƙarƙashinsa, domin hannun da zai miƙa fayil shi ne farkon abin da ido zai sauka a kai. A wanke baki. Mai cin goro ya yi haƙuri da goro na rabin yini, mai son ɗanyar albasa ya bar ta sai ya dawo. Maza, ku yi aski kwana biyu kafin ranar, kada ku yi da safen, ku zo wuya duk guntun gashi kuna soshe-soshe. Mai gemu, ba wanda ya ce ka aske gemunka. Ka daidaita shi, ka taje shi. Sai turare. Mu mutanen nan muna son turare, kuma turare abu ne mai kyau, amma ɗigo biyu ya isa. Na taɓa ganin wani saurayi mai takardu masu kyau da ya yi wanka da turare ya shigo mana ɗaki mai sanyi, tagogi a rufe. Shugabar kwamitinmu tana da asma. Minti huɗu aka yi, ta tashi ta fita tana tari, intabiyu ya ƙare ba a kai ga tambayarsa abin da ya karanta ba.

Na biyu, na ce mata, riga. Ba mafi tsada ake nema ba, ba kuma mafi ƙyalli ba. Wadda ta dace da aikin ake nema, wankakkiya, gogaggiya, daidai jiki. Kaftani da hula shiga ce. Riga da wando da taye shiga ce. Atamfa mai sauƙin ɗinki shiga ce. Hijabi mai tsabta da ya sha guga shiga ce. In kwat za ka sa, ka cire ɗan ƙyallen nan mai sunan kamfani da ke bakin hannu. Na san kana so a san sabuwa ce, amma mu abin da muke gani shi ne ba ka saba sawa ba. In aro za ka yi, babu laifi, ni ma da kwat ɗin aro na sami aiki. Amma ka gwada ta tun da sauran kwana uku, domin zanen aro ba ya rufe katara, kada ka wayi gari hannun riga ya haɗiye maka yatsu. Takalmi ya sha goga ko da tsoho ne. Sannan ga kuskuren da ya fi kama mu, mu na wannan yanki: in ka buɗe akwatin yawancinmu, kaya mafi kyau da ke ciki anko ne, na biki ko na jana'iza. Wani yaro ya taɓa zuwa mana da rigar ankon jana'izar kakarsa, ɗinki mai kyau, ga hoton tsohuwar a ƙirji, ga shi a baya, ga ranar haihuwa ga ranar rasuwa. Muna masa tambaya, tsohuwa tana kallonmu. Ɗaya daga cikinmu bai san lokacin da ya ce masa Allah ya ji ƙanta ba.

Na ji kuna dariya. Ni ma a ranar da na ba Rosemary wannan labari na yi dariya har da buga cinya. Ni kaɗai na yi, amma ban lura ba, na zarce.

Na uku, na ce mata, hanya. Wannan ba a rubuta shi a kowane littafi ba, domin masu rubuta littattafan ba daga Jikwoyi suke tasowa ba. Wanda ke zaune a Maitama ko Asokoro zai iya yin shiga a ɗakinsa ya isa ofis yadda ya fito. Kai kuwa okada za ka hau zuwa bakin titi, a damina, a kan jar laka. Daga nan ka shiga tasi ku huɗu a baya, mai buhun barkono a gefe, mai ɗan goyo a ɗaya gefen. Daga nan ka faɗa gosulon Nyanya, rana ta fito, gumi ya keto. Kafin ka isa gari, gugar da ka yi ta zama tarihi. Saboda haka kada ka sa kayan intabiyu daga gida. Ka ninke su a kan kwali, ka sa a leda, ka sa ledar a jaka tare da takalmi da hankici da ɗan mataji. Ka taka da tsofaffin kaya da silifa. Ka isa da sauran awa guda, ka nemi masallaci ko coci ko gidan mai, ka wanke fuska da ƙafa, ka sauya, ka shiga musu kamar daga mota mai sanyi ka fito. Kuma da zarar an kawo wuta ka yi gugarka, ko da saura kwana huɗu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na kai aya, sai Rosemary ta ce, cikin ladabi, "Yaya, ka gama?" Na ce na gama. Ta ce, "To ka dube ni."

Na sauke ido daga silin na dube ta. Baƙin zane ne a jikinta da baƙar riga, waɗanda wanki na wata shida ya mayar da su ruwan toka, bakin zanen har ya fara zare. A kanta baƙin ɗankwali, a ƙarƙashinsa gashin da bai ga kitso ba tun Janairu. A danginmu, macen da mijinta ya rasu baƙi take sawa shekara guda cur, ba kitso, ba ɗan kunne, ba hoda. Uwar mijin ce ke ɗaura mata ɗankwalin ranar binnewa, ita ce kuma ke kwance shi in shekara ta cika. Ni na san wannan, a gabana aka ɗaura. Amma na zauna rabin awa ina koya wa matar ƙanena kwalliya, har da ba ta labarin ankon jana'iza ina dariya. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Amma kun san halin tsohon ma'aikaci, ba ya rasa dabara. Nan take na ce, "Maman Cynthia, ai abin mai sauƙi ne. Ga doka ta uku. Ki fita da baƙinki, ki sa atamfar matata a jaka. Akwai gidan mai kusa da asibitin. Ki sauya, ki yi intabiyu, ki mayar da baƙinki, ki dawo. Wa zai sani?" Har na ɗauka ta yarda. Sai ta ce, "Yaya, ni zan sani. Ba zan tuɓe baƙin Godfrey a bayin gidan mai kamar wadda ta sato shi ba. Mama ce ta ɗaura mini. In za a taɓa shi, da saninta za a taɓa." Na ce, "Ki tuna da yaran nan." Ta ce, "Da su nake kwana, da su nake tashi. Amma in na sami aikin da wannan hanya, kullum na shiga ofishin sai na tuna ta inda na shigo."

Ranar na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba. Na ce a raina wannan taurin kai ne zai raba ta da 'ya'yanta. Na san kwamitin intabiyu ciki da waje; na san in ta shiga da wannan koɗaɗɗen zane, kafin ta buɗe baki an gama da ita. Amma ta ƙi, kuma babu yadda zan yi, sai dai in je in fuskanci Mama.

Ranar Asabar da safe na kama hanyar Bwari. Mahaifiyata ta haura tamanin, har yanzu tana zuwa gona, kuma a dangi ba a taɓa jin ta sassauta al'ada ko da ta kwana ɗaya ba. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓare sabuwar masara. Ni da nake sa masu digiri biyu rawar murya, na tsuguna a gabanta ina kewaye-kewaye: na tambayi gona, na tambayi awaki, na tambayi ciwon gwiwa. Ta ce, "Tadi, ba awaki suka taso ka daga Jikwoyi ba. Faɗi." Da yarenmu muka yi maganar, zan juya muku ita da Hausa.

Na faɗi komai. Na ce ina roƙon a ɗage wa Rosemary baƙin na yini ɗaya tak. Ta ce, "Ita ta aiko ka?" Na ce a'a, na kuma ga babu amfanin ɓoye-ɓoye, na gaya mata dabarar gidan mai. Ta ajiye masarar da ke hannunta. Ta ce, "Kai ka kawo wannan shawara?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ita kuma ta ƙi?" Na ce ta ƙi. Mama ta ja bakin zanenta ta share ido, ta ce, "Godfrey ya iya zaɓe." Sannan ta juyo kaina. Ta ce, "Kun zauna kun raba mini jikoki kamar irin doya, ban ce komai ba don ba ni da abin da zan ciyar da su a birni. Yau ƙofa ta buɗe, kai kuma kana so ka tura ta ciki da ƙarya. Baƙi ba zai sauka ba sai Janairu." Na ce a raina shi ke nan, an gama.

Sai ta ce, "Amma tsaya. Su mutanen ofis ɗin, baƙin ne ba sa so?" Na fara yi mata bayani irin na 'yan boko. Ta katse ni. Ta ce, "Shekara nawa na yi ina gasa masara a bakin hanyar makarantar lauyoyi? Farkon zuwansu na ga yara maza da mata, kowa da baƙi, kullum da baƙi. Na dawo na gaya wa babanku an yi babban rashi a gidan can. Mako guda ina ce musu sannu da haƙuri, ina ƙara musu gyara, suna karɓa suna godiya, 'yan banza. Sai wata yarinya ta ji tausayina ta ce, Mama, ba wanda ya mutu, kayan aikinmu ne. To in baƙi ya isa a tsaya da shi gaban alƙali, bai isa a zauna da shi gaban katin marasa lafiya ba? Al'ada baƙi ta ce. Ba ta ce tsumma ba. Ka je ka sa a ɗinka mata irin na yaran can."

Shekara talatin da ɗaya ina ba masu baƙar kwat maki mai kyau, ban taɓa haɗa wannan baƙi da wancan ba, sai tsohuwar da ba ta taɓa taka ofis ba ta haɗa mini. Gaskiyar masu magana, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, ko da yaron ya yi furfura. Na yi ƙarfin hali na ce ai lauyoyin suna sa farar riga a ciki. Ta ce, "Su ba mijinsu ne ya mutu ba. Baƙi sama, baƙi ƙasa." Na ce gashi fa? Ta ce, "Kitso aka hana. Ba a hana ruwa da sabulu ba, ba a hana mataji ba. Hannun da ya ɗaura ɗankwalin shi ke da ikon gyara shi. Ka zo ka ɗauke ni ranar Alhamis."

Manniru tela, ga shi can yana ɓoye fuska, shi ya ɗinka siket da 'yar kwat da rigar ciki cikin kwana uku, da keken ƙafa, domin wuta ta ƙi zuwa. Ranar Juma'a da sassafe Mama ta zaunar da Rosemary a kan kujera 'yar tsuguno a ƙofar ɗaki, ta kwance ɗankwalin da hannunta, ta wanke mata kai, ta taje shi a hankali, ta shafa man kaɗanya, ta tattara shi baya, ta ɗaura mata sabon ƙaramin baƙin ɗankwali tsaf. Ba hoda, ba ɗan kunne, sai farce yankakke da takalmi gogagge. Sababbin kayan kuwa a jaka suka tafi, a kan kwali, domin Mama ta ce daga baƙi zuwa baƙi babu laifi. Kuma Allah ya sa aka yi haka, don ruwa ya sauko muna kan okada, laka ta yi wa tsohon zanen fenti har gwiwa. A wata coci kusa da asibitin ta sauya. Da ta fito sai da na sake dubawa kafin na gane ta.

Ni na raka ta, aka nuna mini benci a waje. Jama'a, duk shekarun nan a cikin ɗakin nake, ban taɓa sanin yadda bencin waje yake ba. Minti arba'in ta yi a ciki, na tashi na zauna ya fi sau goma, na jiƙe hankicina sharkaf. Da ta fito na tare ta na ce yaya? Ta ce, "Yaya, sun tambaye ni yadda ake jera fayil, da abin da zan yi in kati ya ɓace, da yadda zan amsa wa wanda ya zo neman sirrin majinyaci. Ba wanda ya ce komai a kan kayana." Na ce mun gode Allah. Matasa, ku riƙe wannan: in kwamiti bai tsaya kallon kayanka ba, ya tafi kai tsaye ga abin da ke kanka, to shigarka ta yi aikinta.

Sai jira. Mako ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shiru. Agusta tana ƙarewa. Gwaggon yaran ta bugo daga Paikon Kore tana tambayar lambar takalmin Divine, don ta saya mata na makaranta. Matata ta share wa Cynthia gefen ɗaki. Wata rana na leƙa gidansu na tarar yaran sun raba kayansu leda biyu, suna gardamar wa zai tafi da hoton babansu, domin guda ɗaya ne. Na juya na fita ban yi sallama ba. A cikin waɗannan kwanaki ne Sumayyah ta riƙa zuwa da takardarta, tana so in zo in koya wa mutane shiga.

Ranar ashirin da bakwai ga wata, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Rosemary ce. Ba ta ko gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Yaya, ka kira Anti ta Paikon Kore ka ce kada ta zo ɗaukar Divine." Na ce me ya faru? Ta ce, "Sun ɗauke ni." Ina tsaye a tsakar gida, sai na zauna a ƙasa daɓas, ni da farin wando. Matata ta fito a guje tana tambayar wa ya mutu. Na ce ba kowa, kawo mini abinci. Ranar na ci tuwo malmala uku, na yi barcin rana irin wanda rabona da shi tun Janairu. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma kwalliyar ma babu hoda a cikinta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka bari in juya ga manyan baƙinmu masu ɗaukar ma'aikata, in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata shekara, ina kan kujerata, wata mata ta shigo gabanmu da koɗaɗɗen baƙin zane da ɗankwali har goshi. Amsoshinta sun yi kyau. Na duba gurbin da aka ware wa shiga, na zana mata mafi ƙanƙantar maki da jan birona, na ce a raina ba ta ɗauki aikin da muhimmanci ba. Ban tambaye ta komai ba. Ban san sunanta ba yanzu, ban san 'ya'ya nawa ta bari a gida ba, ban san inda suka ƙare ba. A kan bencin nan na Garki fuskarta ta dawo mini. Ina roƙonku, ku nemi tsabta, ku nemi tsari, haƙƙinku ne. Amma in kun ga wanda shigarsa ta saɓa, amsarsa kuma ta yi kyau, ku yi masa tambaya ɗaya kafin ku sauke biro. Ku kuma matasa, in wani abu na addini ko na al'ada ko na rashi ya ɗaure muku shiga, kada ku yi ta a ɓoye, kada kuma ku fasa zuwa. Ku je wurin manyanku ku baje maganar a fili, sau da yawa hanyar tana nan, ba a tambaya ba ne.

Masu shirya taro sun so Rosemary ta zo ta tsaya kusa da ni, har sun ajiye mata kujera, ga ta can a layin gaba kusa da Madam Patricia. Kun ga babu kowa a kai. Yau Asabar, ita ke kan aiki. Tun ƙarfe shida ta fita da jakarta da kwalinta, cikin baƙinta, sai yamma za ta dawo ta tarar da 'ya'yanta biyu a ɗaki ɗaya. Na halarci taruka da yawa a rayuwata, ban taɓa jin daɗin ganin kujera babu mai ita ba sai yau.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya bar mu da su mu riƙa tambaya. Allah ya buɗe wa kowane matashi da ke ƙarƙashin wannan rumfa ƙofar arzikinsa. Wanda aka kira, Allah ya ba shi bakin amsawa. Wanda ba a kira ba, Allah ya sa wayarsa ta yi ƙara. Allah ya ba masu ɗauka adalci, ya ba masu nema haƙuri. Allah ya zaunar da Jikwoyi lafiya, ya zaunar da Abuja lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa ya tarar da iyalinsa a haɗe.

Na gode.